Yadda Na Gyara Matsalar Jakar Kyamara a Hanyar Yankari

Alhamdulillahi, kayan aikina sun daina karo da juna a cikin jaka.

Da mota ta shiga gargada a hanyar Yankari, kyamara da dogon lens (gilashin da ake ɗaura wa kyamara don jawo abu na nesa) mai 70-300mm sai su yi ta bugun juna, har murfin lens ya tsage. Naɗe su da tawul bai hana ba. Jaka mai lita 30 da na sayo a kasuwar Wunti kuma fili ya yi mata yawa, ga ciwon kafaɗa.

Awo ne ya raba gardama. Na ɗaura lens a jikin kyamara, na auna da tef ɗin tela: tsawo santimita 22, daga ƙasa zuwa sama kuma 11. Sai na nemi jaka mai lita 18 wadda zurfinta ya kai santimita 13. Awon ciki za a duba, domin soson gefe yana cin wuri sosai.

Daga nan na yi ta matso da soson da ke raba cikin jakar, ina girgiza jakar, har motsi ya ɗauke. Abu mai nauyi ya jingina da bayana, batir da katin ajiya a aljihun sama. Lokacin hunturu kuwa rigar ruwan jakar nake rufa mata saboda ƙura.