Yadda Mai Bi Zai Amsa Kiran Allah Zuwa Ga Zaman Tsarki

Manzo Bulus ya buɗe wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa da kiransu tsarkaka, amma kafin mai karatu ya gama sura ta 6 zai ga cewa mutanen nan sun rarrabu ƙungiya ƙungiya, suna kai juna ƙara gaban alƙalan da ba masu bi ba, har ma akwai wanda yake zaune da matar mahaifinsa. Duk da haka Bulus bai janye sunan da ya kira su da shi ba, sai dai ya tsawata musu da ƙarfi domin halinsu bai dace da abin da Allah ya riga ya mai da su ba. Daga nan ya kamata duk mai neman zaman tsarki ya fara. Allah ne yake fara keɓe mutum domin kansa ta wurin Almasihu, sa'an nan ya kira shi ya yi zaman da ya dace da wannan keɓewa. Wanda ya juya wannan tsari, yana ƙoƙarin gyara halinsa domin Allah ya karɓe shi, ko dai ya gaji ya yanke ƙauna, ko kuma girman kai ya cika shi.

Saboda haka abu na farko shi ne ka tabbatar da inda ka tsaya. Ceto kyauta ce ta alheri, ana karɓarsa ta wurin bangaskiya, kuma ikilisiya ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan, domin majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a birnin Kartaj na Arewacin Afirka a shekara ta 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus, wanda aka zarga da cewa mutum yana iya kiyaye dokokin Allah da ƙarfin kansa. Amma wannan bai ba kowa izinin naɗe hannu ba. A Filibiyawa 2:12-13 Bulus ya umarci masu bi su yi ta aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, a take kuma ya ba da dalili, wato Allah ne yake aiki a cikinsu, yana ba su niyya da ikon aikatawa.

Sai ka san fagen da ake yin wannan aiki, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Idan aka ce wane mai tsarki ne, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne yawan azuminsa, da tsawon addu'arsa, da irin tufafin da yake sawa. Ina ba ka shawara ka zauna ka karanta Littafin Firistoci sura ta 19 a hankali. Surar ta fara da umarnin Allah cewa jama'arsa su zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne, sa'an nan ta shiga bayyana abin da hakan yake nufi. Mai gona kada ya girbe gonarsa kakaf har gefe, kada kuma ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Ladan ɗan ƙodago kada ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Kada a zagi kurma, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe. Mai shari'a kada ya karkata ga matalauci don tausayi, ko ga mai arziki don kwarjini. Kada a yi yawo da tsegumi, a kuma miƙe tsaye don girmama mai furfura. A ƙarshen surar aka zo kan ma'auni da mudu, aka ce su zama na gaskiya. A tsakiyar waɗannan ne umarnin nan yake, na ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, wanda Yesu ya ce shi ne na biyu a girma cikin dukan umarnai. Akwai farillai a surar da suka shafi Isra'ila ta wancan zamani, kamar hana shuka iri biyu a gona ɗaya, amma Manzo Bitrus ya ɗauko ainihin kiran ya ɗora wa masu bi a 1 Bitrus 1:15-16, ya ce tsarkin ya game dukan al'amuransu.

Abin lura a batun kurma shi ne ba zai ji zagin ba, makahon ma ba zai ga wanda ya ajiye masa dutsen ba, shi ya sa ayar ta ƙare da cewa a ji tsoron Allah. Da wannan ma'auni za ka binciki kanka. Ɗauki takarda ka rubuta mutanen da suke ƙarƙashin ikonka ko waɗanda ba su da bakin kai ƙararka, kamar mai yi maka aiki wanda kake jinkirta hakkinsa alhali kuɗin yana hannunka, da wanda yake binka bashi amma yana jin nauyin tambaya, da matarka ko mijinki, da yaran da suke cin abinci a gidanka. Ka tambayi kanka abin da za su faɗa game da kai in da ba su jin tsoro. A ganina wannan bincike ya fi ƙirga kwanakin azumi amfani nesa ba kusa ba, ko da yake ya fi shi ɗaci.

Idan ka gano inda laifin yake, kada ka tsaya ga ƙudurin dainawa kawai. Hanyar da Bulus ya shimfiɗa a Afisawa 4:22-32 ita ce a tuɓe tsohon hali a yafa sabo, kuma kowane abin da ya hana sai da ya kawo abin da zai maye gurbinsa. Maƙaryaci ya bar ƙarya ya riƙa faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya. Ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin da zai ba mabukaci, wato tubansa bai kammala ba sai hannun da ya saba ɗauka ya koyi bayarwa. Mai ruɓaɓɓiyar magana ya koyi maganar da take gina mai ji. Mai fushi kuwa an sa masa wa'adi, kada rana ta faɗi yana riƙe da fushinsa. To, ka zaɓi zunubi guda wanda ya fi damunka, ka kira shi da sunansa a gaban Allah ba tare da yi masa kwaskwarima ba, sa'an nan ka nemi aikin da yake kishiyarsa ka ɗora wa kanka. Idan gulma ce, ka ɗauki alkawarin cewa duk wanda ka ji sha'awar ambaton aibinsa za ka yi masa addu'a a ranar, kuma in maganar ta kai a faɗa, shi za ka samu kai da shi kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya koyar. Idan son kuɗi ne, ka ware abin bayarwa tun ranar da samu ya shigo, kafin bukatu su cinye shi.

Maganar Allah da addu'a su ne abincin wannan aiki, Yesu ma da yake addu'a domin almajiransa a Yahaya 17:17 ya roƙi Uba ya tsarkake su cikin gaskiya, ya ce maganarsa ita ce gaskiya. Ka tsai da lokacin da ba ya sauyawa. Sabon Alkawari yana da surori 260, mai karanta ɗaya kowace rana zai gama shi kafin wata tara ya cika, Zabura kuma 150 ce, biyar a rana sun isa a sauke ta cikin wata guda. Kada ka rufe littafin sai ka fitar da abu ɗaya da za ka aikata a ranar.

Game da jaraba, akwai wadda ake tsayawa a yi tsayayya da ita, akwai kuma wadda maganinta gudu ne. Yusufu bai tsaya muhawara da matar maigidansa Fotifar ba sa'ad da ta neme shi da lalata, ya bar rigarsa a hannunta ya fita waje, Bulus kuma ya ce a guje wa fasikanci. Kowa ya san lokacin da ya fi rauni da wurin da ƙafarsa take zamewa. In wayarka ce take kai ka inda bai kamata ba da tsakar dare, ka kwana da ita a wani ɗaki dabam, in kuma wata hira ce da wani ko wata ta fara wuce gona da iri, ka yanke ta tun kafin ta kai ga abin da za ka ɓoye wa iyalinka. Ka kuma duba abokan zamanka, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai gudun jaraba dabam yake da gudun mutane. Saminu na Suriya, wani Kirista mai tsananin ibada wanda ya rasu a shekara ta 459, ya yi fiye da shekara 30 a kan ginshiƙi don ya nisanci duniya, kuma ba na raina himmarsa, amma roƙon Yesu a Yahaya 17:15 shi ne a kiyaye almajiransa daga Mugun, bai roƙa a ɗauke su daga duniya ba.

Kada ka yi wannan tafiya kai kaɗai. Tun daga shekara ta 1742 a birnin Bristol na Ingila, mai wa'azi John Wesley ya riƙa kasa mabiyansa ƙananan ƙungiyoyi na mutum kamar 12, suna haɗuwa kowane mako, shugaban ƙungiyar yana tambayar kowa halin da ransa yake ciki. Ba lalle ne ka bi tsarinsa daki daki ba, amma ka nemi ɗan'uwa ɗaya ko biyu masu riƙon asiri, namiji wurin namiji, mace wurin mace, waɗanda ka ba su izinin yi maka tambaya mai zafi, domin Yaƙub 5:16 ya ce mu riƙa furta wa juna zunubanmu, muna yi wa juna addu'a. Irin wannan zumunci yana kuma kare mutum daga halin Bafarisiyen nan na Luka 18, wanda ya mai da addu'arsa lissafin yadda ya fi mai karɓar haraji.

Ranar da ka faɗi, kada ka jira sai ka ji ka cancanta kafin ka koma ga Allah. 1 Yahaya 1:9 ya yi alkawarin gafara da tsarkakewa ga wanda ya furta zunubinsa. Amma idan laifin ya taɓa hakkin wani, furtawa ga Allah ba ta rufe maganar ba. Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana game da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, Littafin Ƙidaya 5:7 kuma ya ce a biya abin da aka ci gaba ɗaya a ƙara humushinsa. Ka je wurin wanda ka cuta da ƙafarka, ka faɗi abin da ka yi ba tare da haɗa shi da laifin da shi ma ya yi maka ba, in kuɗi ne kuma ba ka iya biya gaba ɗaya, ku yanke adadi da ranaku. Idan mutumin ya rasu, hakkin na magadansa ne, sai ka neme su, in ya yiwu tare da wani dattijon ikilisiya da zai zama shaida.