Yadda Za Ka Fara Aikin Sa-kai a Ƙauyen Gambiya

Shekara biyu na yi a wani ƙauye kusa da Basse, can gabashin Gambiya, ina aikin sa-kai tare da matan da ke noman lambu. Tun da na dawo matasa ke tambayata ta ina ake farawa. Ƙofofin tafiya sanannu ne: akwai shirin TAC na gwamnatin Najeriya da aka kafa a 1987, mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na shekara biyu, akwai kuma shirin masu sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Cike takardu abu ne mai sauƙi. Ni zancena a kan ranar da gele-gele, wato ƙaramar bas ɗinsu, za ta ajiye ka a bakin titi da jakarka ne.

Kafin ka kwance kaya, nemi ɗan gari ya raka ka gidan alkalo. Kada sunan ya ruɗe ka, dagaci ne, kuma a samansa akwai seyfo, kamar hakimi a wajenmu. Ka riƙe goro, ka cire takalmi, ka bar ɗan rakiyarka ya gabatar da kai. Daga nan ka je ka gai da liman. Ka haddace gaisuwa tun kana hanya: ɗan ƙabilar Mandinka zai ce maka "Kayira be?", ka amsa "Kayira dorong", wato lafiya lau. In Bafulatani ne, "jam tan" ɗin da ka sani a gida ita ce dai.

Sai kuma haƙuri. Wata ukun farko kada ka yi wa kowa alkawarin komai. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ka zauna a bantaba, dandalin da dattawa ke hutawa a ƙarƙashin bishiya, ka sha ataya har zagaye na uku, ka kasa kunne. Amma ka sani maganar mata ba ta zuwa bantaba, alhali lambun nasu ne. Ka nemi izini ka ga shugabar kafo, ƙungiyar matan ƙauyen, ka tambaye ta yaushe za su iya zama da kai.

Wannan zaman ne ya cece ni. Na zo da niyyar a sa famfo mai aiki da hasken rana, har na zana inda tanki zai tsaya. Matan suka saurare ni tsaf, sannan wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ruwa muna ja da guga tun kafin a haife ka. Awaki ne suke cinye mu." Ta kai ni na ga shingen ƙaya ya ɓule ta ko'ina, kuma kowace shekara su ne ke shiga daji su saro wani. Muka mayar da kuɗin kan waya da turaku, famfon ya jira shekara ta biyu. Da na kafe a kan tsarina, da awaki na shayar wa albasa.

Duk abin da za a kafa, ka tambayi kanka wa zai gyara shi bayan ka tafi. Ka shigar da kwamitin raya ƙauyen tun daga awon fili. A amince da ɗan kuɗin da kowace mai kwami za ta riƙa zubawa duk wata, ko dalasi, kuɗin ƙasar, kaɗan ne, a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa. A koya wa mutum biyu gyara, domin matasa na yawan tafiya birni. Kada ka yarda a sayo na'urar da sai an je Banjul, babban birnin ƙasar, kafin a samu kayan gyaranta, tafiyar yini guda ce.

Ka bi kalandar gona. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce, maza na gonakin gyaɗa da gero, mata na fadamar shinkafa, wanda ya kira taro shi kaɗai zai zauna. Lambu sai bayan girbi. Nan ma ka lura da kasuwa: in kowa ya cire albasa mako guda, farashi zai faɗi warwas a lumo, kasuwarsu ta mako-mako. Mun raba lokacin dashe, muka cuɗa da kuɓewa da yakuwa da gauta da barkono.

Jikinka ma amana ne. Ka kwana a gidan sauro kullum, ka tace ruwan sha, daga Maris zuwa Mayu kuma ka gama aikin waje kafin hantsi ya yi nisa, zafin Basse ba wasa ba ne. Ka ci domoda, miyar gyaɗarsu, a kwano ɗaya da masu masaukinka, daga gabanka kawai. Za a roƙe ka rance. Ni na zaɓi in riƙa sayen buhun shinkafa wa gidan da nake, ban ba kowa bashi ba.

Saura wata uku in tafi na miƙa wa shugabar kafo makullin lambu da littafin kuɗi, na koma zama a bayan taro. Ana cikin haka famfon ya tsaya. Na ji labari ne bayan sun tura yaro Basse da kuɗin asusu ya sayo abin da ya lalace.