Yadda Wanda Aka Yi Wa Dashen Ƙoda Zai Kare Kansa Daga Cutar Hanyar Fitsari

Babu cutar da ta fi addabar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda kamar cutar hanyar fitsari, musamman a watannin farko bayan tiyata. Magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, suna raunana garkuwar jiki, ga kuma robar fitsari da siririn bututun da likita kan bari tsakanin ƙoda da mafitsara na 'yan makonni. Ƙwayar cutar da aka fi samu ita ce E. coli, wadda mazauninta hanji, kuma mata da masu ciwon suga sun fi fuskantar haɗari.

Matakin farko rigakafi ne. A sha ruwa gwargwadon yadda likita ya ƙayyade, kada a riƙe fitsari, mace kuma ta riƙa tsarki daga gaba zuwa baya. A shanye cotrimoxazole, maganin kashe ƙwayoyin cuta da akan rubuta don rigakafi na wata 6 zuwa 12, kada kuma ranar cire bututun ta wuce.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne gane alamun da wuri: zafi ko yawan fitsari, gurɓacewarsa, jini a ciki, zazzaɓin da ya kai digiri 38, da ciwo a mara inda aka dasa ƙodar, ba a baya ba. Abin lura shi ne prednisolone na iya danne zazzaɓi, ita ma ƙodar an raba ta da jijiyoyinta na jin ciwo lokacin dashe, saboda haka cutar kan yi nisa ba tare da ciwo mai tsanani ba. Kasala, amai ko raguwar fitsari sun isa dalilin tuntuɓar likitocin dashe a ranar, ba sai gobe ba.

Na uku, a ba da fitsari don gwaji kafin a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. A wanke gaba, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya a kwalba mai tsabta. Akan haɗa da gwajin jini don a ga yadda ƙodar ke aiki.

Na huɗu, kada mutum ya rubuta wa kansa magani. Clarithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ɗaga yawan tacrolimus a jini, ibuprofen da diclofenac kuma suna lahanta ƙoda. Haka nan ba a dakatar da magungunan dashe sai da umarnin likita. Idan cutar tana yawan dawowa, a nemi hoton mafitsara don a gano ko fitsari na saura a ciki, ko yana komawa sama zuwa ƙodar.