Kurakuran da muke yi wa wanda ya yi hatsari, daga bakin titi har gadon asibiti

Wata ranar Lahadi da yamma ina tsaye bakin titin da ya fita daga Tahoua ya nufi Konni, wani ɗan kabu-kabu ya zo kauce wa akuya, babur ya kwashe shi ya maka da ƙasa. Kafin ƙiftawa da bismilla mutum huɗu sun tallabe shi, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, kansa yana reto a baya. Wani dattijo yana ta faɗin, "Ku zaunar da yaron nan, ku ba shi ruwa ya dawo hayyacinsa." Wata mai tallan ruwan leda ta fasa guda da haƙori ta miƙo. Ba wanda ya nufe shi da sharri a wurin, amma cikin minti biyu an yi masa, ko an nemi yi masa, abu uku da kowanne yake iya kashe shi ko ya nakasa shi.

Ɗagawar nan ita ce babba. Wanda ya faɗo daga babur ko mota ta buge shi, a ɗauka ƙashin wuyansa ko na bayansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. A cikin ƙashin bayan ne lakar da ke kai saƙo zuwa hannuwa da ƙafafu take. Ƙashi na iya tsagewa lakar tana nan lafiya, sai an sunkuci mutum an lanƙwasa shi a kujerar taksi ta yanke, ya tashi ba ƙafa har abada, a ce hatsari ne ya jawo. Idan ba wuta ko wata motar ce ke shirin cim masa ba, a bar shi inda yake. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa, yana yi masa magana. Wani ya tsare hanya, wani ya buga 18 ya kira ƴan kwana-kwana. In a daji ne, kamar tsakanin Badagishiri da Tsarnawa, inda jira ba zai yiwu ba, a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a mirgina shi a kai gaba ɗaya, kai da ƙirji da ƙugu a layi guda, a sa shi a bayan motar da zai iya miƙewa. Hular kwano kuma, in Allah ya sa yana da ita, kada a fizge ta sai in ta hana shi numfashi.

Ruwan sha fa? Wanda bai gama farfaɗowa ba ba ya iya haɗiya daidai, ruwan huhu yake tafiya. Ko idonsa biyu, mai yiwuwa tiyata ke jiransa, kuma cikin da ke cike yana jawo amai idan an sa maganin barci. Ƙishirwa mai tsanani bayan hatsari ma sau da yawa alama ce ta jini na zuba. A jiƙa masa leɓe kawai. In ya suma amma yana numfashi, sai ga amai ko jini a baki, a juya shi kan haƙarƙarinsa, mai riƙe da kai yana bin juyin.

Sai jini. Nan ne kowa yake zama boka: ƙasa, toka, garin gawayi, fetur, man birki, har ruwan batir na taɓa gani an tsiyaya wa wani bakanike a tafin hannu yana ihu. Duk ba sa tsayar da jini, nama suke ƙonawa, ƙasa da kashin dabbobi kuwa gidan ƙwayar tetanos ne, ciwon nan da ke ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki, wanda kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da an manta da raunin. Abin da ke tsayar da jini dannawa ce. A samu tsumma mai tsabta, ko rawani ko kallabi, a danna da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ƙarfe ko kwalbar da ta shige jiki a bar ta, ita ce ta toshe ramin. Ƙaramin rauni a wanke da sabulu da ruwa mai kyau, sannan a je a tambayi allurar tetanos, ko da majo, wato babban ma'aikacin jinya, bai ambata ba.

Ƙuna ma haka: ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba man shanu. Ruwa mai sanyi na famfo ko na randa, a yi ta zubawa minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wuri ya kumbura, kada a fasa bororo. Tankar mai kuwa in ta faɗi, gudu ake yi. Mutanen Yamai ba su manta da watan Mayun 2019 ba, da tanka ta kife kusa da filin jirgi, jama'a suka fito da bokitai kwasar fetur, wuta ta tashi ta ci rayuka fiye da 50.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Alhamdu lillahi, ba komai." Jini na iya taruwa cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum ya yi hira, ya ci tuwo, ya kwanta, da asuba a tashe shi a kasa. Duk wanda kansa ya bugu, a sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, maganar da ba ta kan hanya, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ko ɗaya aka gani sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka wanda kan babur ya doka a ciki, musamman ɓangaren hagu inda saifa take: in ya fara zufa mai sanyi, idonsa ya yi fari, ciki ya ɗaure, jini ne ke zuba inda ba a gani. Irin wannan in ya sayi aspirin ko diklofenak wurin mai tallan magani ƙara wa zubar gudu yake yi, tramol kuma ya rufe ciwon har lokaci ya ƙure.

Ba zan zagi masu ɗori ba, akwai waɗanda suka gaji sana'ar kuma sun san iyakarsu. Kuskuren shi ne zuwa wurinsu kafin a yi radiyo, wato hoton ƙashi, a ga yadda ya karye, da kuma ɗaure kara tam a kan hannun da bai gama kumburi ba. Wani yaron maƙwabtanmu ya faɗo daga amalanke, aka ɗora shi, ya kwana yana kuka. Kakarsa tana cewa, "Yi haƙuri ɗan nan, ƙashi ne ke kamawa." Kwana uku aka kwance, yatsu sun yi baƙi. Ɗaurin ne ya hana jini wucewa. Ko ɗori ne ko simintin asibiti, in ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, a sassauta a nufi likita a ranar. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta mai ɗori ba ce ko kaɗan.

A asibitin ma muna da namu laifin, kunya ce ke cin mu. Likita ya tambayi me aka sha, sai a ɓoye jiƙon da aka ba mara lafiya da ƙwayoyin da ya haɗiya a hanya, alhali da wannan bayanin zai auna abin da zai ba shi. A faɗa masa in akwai maganin da ya taɓa sa majinyaci ƙaiƙayi ko kumburi, in yana da ciwon suga ko hawan jini, in mace ce ko tana da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a yayin jinyar kanta, don haka tambaya ba raini ba ce. Mai jinya ya ce, "Likita, don Allah wannan allurar ta mece ce?" Kafin ƙarin jini ya duba ko an tabbatar da suna da rukunin jinin. Kafin tiyata ya ji da kunnensa an ambaci ƙafar da za a yi wa aiki, hagu ko dama. In an tura ku Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, kada a bar takardar turawa da hoton radiyo a gida, don in ba su, can sai an sake komai daga farko, da kuɗinku da lokacin mara lafiya.

Ɗan kabu-kabun nan dai mun samu an kwantar da shi, na riƙe kansa har motar ƴan kwana-kwana ta iso. Dattijon bai ji daɗi ba da na hana ruwan, har ya ce mini yaran yanzu ba tausayi. Ledar ruwan tana hannun dattijon lokacin da motar ta tashi.