In Techiman ka nufa

Kusan duk motar da ta taso daga Kumasi za ta Tamale, ko za ta tsallaka Paga zuwa Burkina Faso, sai ta ratsa garin Techiman da ke ƙasar Gana. Nan hanyar Sunyani da ta Wenchi suka haɗe da babban titi, shi ya sa kasuwa ta zauna da gindinta. Tun 2019 garin ne hedikwatar yankin Bono ta Gabas.

In da hali, kada ka sauka ranar Alhamis ba ka san kowa ba. Kasuwar tana ci daga Laraba zuwa Juma'a, kuma a kwanakin nan ba mai lokacinka. Doya ce jibge kamar an gina katanga da ita, ga masara, ga tumatir a akwatunan katako, ga albasar Nijar, 'yan mata 'yan dako da ake kira kayaye suna kutsawa da manyan kwanoni a ka. Ka iso Litinin, ka nufi Zango, ka nemi maigida. Shi zai ba ka masauki, ya kai ka gaisuwa wurin Sarkin Zango da liman, ya tsaya maka in ciniki ya rikice. Baƙon da ba shi da maigida, kowa yanka shi yake yi.

Hausa za ta kai ka nesa, don Dagwamba da Mosi da Wangara da Zabarmawa da ita suke ciniki. Amma Hausar Gana ce: za ka ji an ce wa mace "ya zo". Kada ka yi dariya, kada kuma ka gyara.

Kuskuren da na fi gani wurin namu shi ne mutum ya shige Zango ya manta garin yana da masu shi. Ƙabilar Bono ce, kuma tun kafin Asante su ci tsohuwar hedikwatarsu Bono Manso wajen 1723 suke karɓar fatake Musulmi masu neman zinariya. Koyi "maakye" ta gaisuwar safe, da "medaase" ta godiya. Matan da ke riƙe da shugabancin layin doya da na tumatir, su ke da ta cewa a kan wanda zai sauke kaya, to ka gaishe su da ladabi. Kogin Tano kuwa abin girmamawa ne a wurinsu, ba a kama kifinsa. Ko ka ga tarwaɗa tana wasa a bakin ruwa, ɗauke kai. Lokacin bikin Apoo za ka ji talakawa suna yi wa manya habaici cikin waƙa, har sarki bai tsira ba. Nasu ne, kai dai kallo.

Sai maganar takardu. Ɗan ƙasar ECOWAS yana da kwana 90 ba biza, bayan nan sai izinin zama. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya ɗaiɗai a rumfar kasuwa, don haka ka tambayi maigida kafin ka kama shago. Dattawan Zango ba sa wasa da takarda, don suna tuna korar baƙi ta 1969, zamanin Firaminista Busia, wanda garinsu Wenchi yana nan kusa.

Ka kuma taho da guzuri mai kauri: masu gidan haya kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin su miƙa makulli.