Darasi Na 9: Tokare Bodin Tsohuwar Mota Kafin A Fara Yanka

Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Har yau akwai masu sayen tsohuwarta su kai gareji a mayar da ita sabuwa. Sai dai wannan mota ba ta da shasi daban irin na babbar mota. Bodin shi ne ƙashin bayanta. Rufi da ƙasa da dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, su ke riƙe juna.

To, dokin ƙofa kuwa nan tsatsa ta fi ci. Idan mai walda ya yanke shi bai tokare bodin ba, tsakiyar motar sai ta lotsa. Ba za ka gani da ido ba a ranar. Sai an gama fenti, an zo mayar da ƙofa, ta ƙi rufuwa. A nan ne mai mota da mai gyara suke fara musu.

Saboda haka, ka fara da wuri. Ka nemi daɓen siminti mai tauri wanda ya daidaita. Kada ka yarda da ido. Ɗauko siririn tiyo mai ruwa irin na magina ka auna. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Bayan ka ɗaga, ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, a wuraren da ƙarfen ƙasan ya fi kauri. Ka ƙwanƙwasa wurin da guduma tukuna, in ya yi burma ka matsa gaba. Sa guntun katako mai ƙwari tsakanin ƙafar da bodin. Bulo kuwa, ko kyauta aka ba ka, kada ka sa. Yakan fashe farat ɗaya, kuma motar ta haura tan guda.

Ka tuna cewa cire inji yana sauya nauyi. Gaba zai yi sakayau, baya ya rinjaya. Duk lokacin da ka cire abu mai nauyi, sake girgiza motar da hannu kafin kowa ya shiga ƙarƙashi.

Yanzu sai tokara. Kada ka yi saurin cire ƙofofi. Daidaita su har tazarar da ke kewaye da kowace ƙofa ta zama ɗaya, domin su ne shaidarka. Sannan ka ɗana fayif mai kusurwa huɗu da walda daga ciki, ya ratsa bakin kowace ƙofa. Ƙara wani daga dama zuwa hagu, da biyu a gicciye. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa da tef, ka rubuta lambobin a takarda. Kar ka ce za ka riƙe a ka.

Ka gyara gefe guda, ka gama shi, kafin ka taɓa ɗayan. Wanda ba ka yanka ba shi zai nuna maka yadda na farko ya kamata ya zauna. Walda kuma a yi ta ɗigo-ɗigo ana barin ƙarfe ya huce, don zafi yana jan faranti ya karkace.

Aikin gida: Nemi mota, ka auna tazarar ƙofar direba a sama da tsakiya da ƙasa. Rubuta lambobin uku, ka zo da su aji.