Darasi na Tara: Rufe Raunin Fata Idan Magani Ya Jawo Saɓulewa

Wani lokaci magani yakan ƙi karɓar jikin mutum. Galibi abin bai wuce ƙaiƙayi da ƴan ƙuraje ba. Amma akwai wani iri mai tsanani da ke sa fata ta yi bororo ta saɓule, kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Likitoci suna kiransa cutar Stevens-Johnson, daga sunayen likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana ta a 1922. Idan fatar da ta tashi ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na jiki ba, sunanta ke nan. Idan ta haura kashi 30, ta zama mafi muni, wadda likita Alan Lyell ya yi bayaninta a 1956. Tafin hannun majinyaci haɗe da yatsunsa kusan kashi ɗaya ne na fatar jikinsa, da shi ake ƙiyastawa.

Magungunan da aka fi sani da jawo ta sun haɗa da Septrin da Fansidar, da wasu na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da allopurinol na ciwon gaɓɓai, da nevirapine na masu ɗauke da ƙwayar HIV. Takan bayyana ne cikin makonnin farko na fara shan maganin. Zazzaɓi ke fara zuwa, da ciwon maƙogwaro da jan ido, sannan leɓɓa su farfashe. Duk wanda ya ga haka, a garzaya da shi asibiti a ranar, a tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha. Wannan ba jinyar gida ba ce.

To, yaya ake rufe raunin?

Abu na farko da zai ba mai jinya mamaki shi ne, sau da yawa ba a ɓare fatar da ta tashi. Ma'aikaciyar jinya takan huda bororon da allura mai tsabta, ruwan ya fita, ta bar fatar ta kwanta a wurinta. Wannan matacciyar fatar ita ce bandeji na farko, tana kare naman da ke ƙasa har sabuwa ta tsiro. Hannu yakan yi ƙaiƙayin cire ta, musamman idan ta yi baƙi tana reto. A daure a bar ta. Idan akwai wadda za a cire, likita ne zai ce.

Ana wanke wurin a hankali da ruwan gishiri na asibiti mai ɗumi, ba a gogawa. Sai a shimfiɗa abin da ba ya mannewa: bandeji mai raga da aka jiƙa da man baselin, ko wani mai santsi da aka yi da silikon. A samansa a ɗora mai kauri wanda zai tsotse ruwan da ke tsatsafowa, a naɗe shi sako-sako. Na saman ake yawan canzawa. Na ƙasan yakan yi kwanaki, domin kowace buɗewa azaba ce, kuma tana iya tsinke sabuwar fata. Shi ya sa ake ba da maganin rage zafi kafin a fara. Idan bandeji ya kama, a jiƙa shi, a jira. Ba a fizga.

Filasta ba ya taɓa jikin wannan majinyaci, ko a inda ake ganin fatar lafiya lau take, don tana iya biyo shi. Auduga ma ba a ɗora ta a kan raunin, zarenta na maƙalewa. Akwai bandeji mai sinadarin azurfa da ke kashe ƙwayoyin cuta. Amma man ƙuna mai suna silver sulfadiazine dangin Septrin ne, saboda haka likitoci kan guje masa idan irin wannan magani ne ya jawo ciwon.

Abin da ya fi kashe masu wannan cuta shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta raunin. Don haka mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ya matso, a rage masu zuwa dubiya. In ya ga mugunya, ko ya ji wari, ko majinyaci ya fara ruɗewa, ya faɗa wa ma'aikata nan take. Ɗakin ya zama da ɗumi, domin jikin da ba fata yakan yi saurin sanyi. Wajen juya majinyaci kuma, a ɗaga shi da zanin gado, kada a ja shi. Ido na bukatar likitansa daban tun daga kwanakin farko, in ba haka ba tabo na iya taɓa gani. Fata takan rufe cikin mako biyu zuwa uku.

Aiki: Ɗauki kwalin wani magani, ka kwafi sunansa harafi bayan harafi a kan kati. A ƙasa ka rubuta: "Wannan magani ba ya karɓar jikina." Irin wannan kati ne majinyacin da ya warke zai riƙa nuna wa kowane likita da mai sayar da magani.